Tambaya kan tafiyar da shimfiɗar layin dogo ta ƙungiya

Baban Nana, Yamai

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da dattawa da sauran ƴan'uwa na wannan zaure. Muna da wata ƙaramar ƙungiya a nan Yamai ta masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa, irin waɗanda ake ƙerawa da siffar manya sak, suna tafiya da lantarki a kan siririn dogo. Mu goma sha ɗaya ne, akwai malaman makaranta, da ɗan kasuwa, da mai gyaran firiji, da ɗalibai uku. Ɗaya daga cikinmu ya ba mu aron ɗaki a gidansa a unguwar Yantala, muka haɗa kuɗi muka sayo alluna a kasuwar Katako, muka kafa tebur mai tsawon mita shida, muka shimfiɗa layi a ma'aunin HO, wato 1:87, wanda tazarar dogonsa milimita 16.5 ce. Layi ne guda mai zagaye, da tashoshi biyu, da wurin ajiye taragu a bayan wani tudu da muka gina.

Lokacin da muke aikin gini babu wanda ya ji kanmu, domin kowa yana da abin yi, wani yana yankan katako, wani yana fenti. Saɓani ya fara ne daga ranar da jirgi ya fara tafiya. Taransifoma biyu gare mu, na tsohon tsari mai volt 12, saboda haka mutum biyu kaɗai ke iya tuƙi, sauran suna tsaye suna jira, kuma wanda ya riga kama na'urar ba ya son saki. Wasu suna barin taragunsu a tasha mako guda cur, su tare wa kowa hanya. Wani ya zo a ranar da ba ta haɗuwa ba ya ɗaga wata mararrabar layi ya mayar da ita inda ya ga ya fi kyau, bai shawarci kowa ba. Kwanan baya kuma kan jirgin wani ɗan'uwa ya faɗo daga tebur a hannun wani, har yanzu ba a daidaita a kan wanda zai biya ba.

Biyu daga cikinmu sun sayi kawunan jirgi masu dikoda, wato ƴar na'urar da ke karɓar umarni a cikin kan jirgi, suna matsa mana mu koma tsarin DCC, wanda ake tuƙa kowane jirgi dabam da lambarsa, alhali yawancinmu tsofaffin jiragen kamfanin Jouef muke da su, waɗanda aka kawo mana daga Faransa. Shin komawa DCC zai kashe wannan rigima? In kuwa ba zai kashe ba, wane tsari ne ƙungiyoyin da suka riga mu suke bi wajen raba lokaci da kaya da alhaki? Allah ya saka da alheri.

Mai Dalma, Bukoki

Wa alaikumus salam, Yaya Baban Nana. Aikina gyaran rediyo da talabijin ne, saboda haka zan tsaya a ɓangaren wuta, in bar maganar mutane ga waɗanda suka fi ni sanin su.

DCC zai magance matsala ɗaya daga cikin waɗanda ka lissafa, wato ta jiran na'ura. A tsohon tsari dogo ake ba wa umarni: ka ƙara wuta, duk abin da ke kan wannan yanki ya ƙara gudu. A DCC kuwa wuta tana kan dogo koyaushe, wajen volt 14 zuwa 16 a ma'aunin HO, kuma a cikinta ake aika saƙo zuwa ga kowane kan jirgi da lambarsa, dikodar da ke cikinsa ta karɓi nata ta ƙyale na sauran. Kamfanin Lenz na Jamus ne ya ƙirƙiro tsarin, ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mayar da shi ƙa'ida ta bai ɗaya a shekarun 1990, shi ya sa dikodar wani kamfani take jin umarnin na'urar wani kamfani. Da wannan mutum biyar ko shida za su iya tuƙi a lokaci guda a layi ɗaya. Sai dai ka lura, mutum shida a layi guda mai zagaye za su iya yin karo, abin da da wuya ya faru a yanzu da kuke da na'ura biyu.

In kun yanke shawarar komawa, abu na farko shi ne littafin lambobi. Kusan kowace dikoda tana fitowa daga masana'anta da lamba 3. Idan mutum biyu suka ɗora sababbin kawunan jirgi ba su canza lamba ba, duk wanda ya murɗa nasa sai na ɗan'uwansa ma ya tashi, kuma yawanci ba a ankara sai an ji ƙarar karo daga ɗaya gefen tebur. Ku hana lamba 3 hawa babban layi gaba ɗaya. Ku yi amfani da dogayen lambobi masu rukuni huɗu, ku ba kowane mamba ɗari guda, misali wannan daga 1100 zuwa 1199, wancan daga 1200 zuwa 1299, yadda da ganin lamba za a san mai jirgi. Canza lamba kuma a yi shi a wani guntun layi na musamman da ba ya haɗe da shimfiɗar, a ɗora kan jirgi ɗaya tak, domin umarnin saiti yana shiga duk dikodar da ke kan wannan guntun.

Abu na biyu, ku raba shimfiɗar gida uku ko huɗu ta fuskar wuta, kowane yanki da abin yanke wutarsa. In ba haka ba, duk lokacin da wani ya shiga mararraba da ba a buɗe masa ba wuta ta haɗu, jiragen kowa za su tsaya cak, kuma idanu su koma kan mutum ɗaya. Ku ja manyan wayoyi biyu a ƙarƙashin tebur, masu kaurin milimita murabba'i 1.5 zuwa 2.5, ku riƙa ɗauko siraran wayoyi daga gare su kuna liƙawa da dalma a kowane guntun dogo, kada ku dogara ga ƴan ƙarafan da ke haɗa dogo da dogo, domin suna sakewa kuma suna yin datti. Gwajinsa mai sauƙi ne: ka ɗora tsabar dala ashirin ta taɓa dogo biyun a wuri mafi nisa daga na'ura. In wuta ta yanke nan take, wayoyinku sun isa. In ba ta yanke ba, akwai haɗarin zafi ya narkar da roba, sai a ƙara waya.

Game da tsofaffin Jouef, ana iya sa wa yawancinsu dikoda, amma ba su da soket irin na sababbi, sai an raba injin da ƙarfen jiki an liƙa wayoyi da hannu, an kuma auna wutar da injin yake ja domin a zaɓi dikodar da za ta iya da shi. Kada a bar kan jirgi marar dikoda zaune a kan layin DCC, injinsa zai yi ta ƙugi yana zafi har ya lalace. Kafin a gama sa wa kowa, a sa makunni guda mai zaɓi biyu da kashewa a tsakiya, yadda shimfiɗar duka za ta kasance ko a tsohon tsari ko a sabo, ba rabi da rabi ba. In kuɗin na'ura irin Z21 ta Roco ya yi muku nauyi, akwai DCC-EX da ake haɗawa a kan ƙaramin allon lantarki da ake kira Arduino, a riƙa tuƙi da salula, kuma ɗalibanku za su ji daɗin haɗa shi.

Ɗan Adar, Tawa

Malam Baban Nana, barka da ƙoƙari. Abin da Mai Dalma ya faɗa daidai ne, kuma na fi son jimlar da ya yi a kan karo, domin a nan maganar take. Ni tsohon malamin makaranta ne, na yi zaman karatu a ƙasar waje inda na riƙa zuwa irin wannan ƙungiya, kuma abin da na gani shi ne na'ura ba ta raba gardama, sai dai ta sauya mata wuri.

Akwai wani dalili da ya sa abin ya fi mana wuya mu ƴan Nijar. Ba mu tashi da jirgin ƙasa ba. Hukumar jirgin ƙasa ta OCBN da muka yi tarayya da Dahomey, wato Benin ta yanzu, tun 1959, a da jirginta daga Kwatano yake tashi ya tsaya a Paraku, kilomita 438, daga nan manyan motoci su kwaso kaya su biyo ta Malanbil da Gaya. Layin da aka sa wa suna Abijan zuwa Nijar ya isa Wagadugu a 1954, bai taɓa shigowa ƙasarmu ba. An buɗe tashar Yamai a watan Afrilu na 2014, an shimfiɗa dogo zuwa Doso, amma jirgi bai zama abin hawan yau da kullum ba. Saboda haka kowannenmu da tunanin direban mota yake zuwa gaban tebur: abin hawa nawa ne, in na ga hanya in wuce. A aikin jirgin ƙasa kuwa direba ba ya motsawa don ya ga hanya a buɗe, sai an ba shi hanya.

Shawarata ita ce ku rarrabe abu uku a rubuce, kowa ya sa hannu. Tebur da dogo da wayoyi da gine-gine na ƙungiya ne, ko da mutum ɗaya ne ya saya ya kawo, kuma ba a taɓa su da ƙusa ko wuƙa sai da amincewar taro. Kawunan jirgi da taragu na masu su ne, ba a ɗauka sai da izini. Rijiya ta gari ce, guga na mai shi. Abu na uku, wanda kuka rasa gaba ɗaya, shi ne ikon motsi, kuma wannan ba na ƙungiya ba ne a dunƙule, ba na mai jirgi ba ne, na mutum ɗaya ne a kowane zama. Ku kira shi sarkin tasha. A ranar da yake kan aiki ba ya tuƙi, shi ne ke cewa wane ya tashi, wane ya jira a tasha ta biyu har wane ya wuce, kuma ba a ja da shi sai bayan an tashi. Muƙamin ya riƙa zagayawa mako mako, har kan ɗalibanku, kuma mai gidan da ya ba ku ɗaki ya karɓi umarnin yaro ɗan shekara goma sha shida a ranar da abin ya zo kansa. In dattawa suka yarda da wannan sau ɗaya a gaban kowa, sauran dokokin ba za su yi wuyar bi ba.

Tun da layinku guda ne tsakanin tashoshi biyu, ku ari dabarar da manyan jiragen ƙasa suka daɗe suna amfani da ita a irin wannan layi tun ƙarni na 19, wato sanda. Kowane yanki na tsakanin tasha da tasha yana da sanda guda ɗaya tak, kuma direba ba ya shiga yankin sai sandar tana hannunsa, in ya isa ya miƙa ta. Guntun itace da aka shafa wa fenti ya wadatar. Tun da sandar ɗaya ce, jirgi biyu ba za su taɓa haɗuwa gaba da gaba ba, kuma ana iya fara wannan gobe, da taransifomanku na yanzu.

Sannan ku ba jiragen dalilin tafiya. Zagaye marar manufa shi ke sa mutum ya ƙi sakin na'ura, domin babu inda tafiyarsa ta ƙare. Ku rubuta jadawali, ku yi wa kowane tarago ƴar takarda mai nuna abin da ya ɗauko da inda za shi: albasar Galmi zuwa kudu, simintin Malbaza zuwa babbar tasha, fasinjoji da safe da yamma. Ku ɗauki minti goma a matsayin awa guda. Jirgi ya isa inda aka aike shi, aikin direba ya ƙare, ya miƙa wa na gaba. Za ku kuma ga cewa masu jira sun samu aiki, domin kowace tasha tana buƙatar mai buɗe mararraba da mai haɗa taragu, kuma wasu za su fi son wannan a kan tuƙin kansa. Ƙungiyar FREMO, da aka kafa a Jamus a 1981, da irin wannan tsari take tara mutane masu yawa daga ƙasashe dabam dabam su yi kwanaki suna aiki a shimfiɗa ɗaya.

Maman Rabi, Yamai

Ina gaishe ka, Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina riƙe da ma'ajin wata ƙungiyar mata shekaru da dama, kuma ɗana yana cikin masu wannan sha'awa, shi ya sa nake leƙowa nan. Na yarda da maganar sarkin tasha da ta sanda. Inda na ɗan bambanta da kai shi ne cewa duk abin da aka kafa a tebur ya zama na ƙungiya. A ƙasar da ake shiga kanti a sayo dogo wannan ba komai ba ne, amma a nan kowace mararraba sai an roƙi matafiyi ya sako ta a jakarsa, an jira watanni. In aka ce wa mutum abin da ya kawo ya fita hannunsa har abada, ba zai yi musu ba, zai dai daina kawowa. Gara a buɗe shafi biyu a littafi, na kyauta da na aro. Abin aro a rubuta sunan mai shi, da sharaɗin cewa in zai karɓa sai ya ba da sanarwar wata uku domin a nemi madadinsa.

Haka kuma, Malam Baban Nana, akwai abin da ba ka tambaya ba amma ya fi sauran girma: ɗakin na aro ne. Ranar da mai gida zai aurar da ɗa ya buƙaci ɗakinsa, tebur mai mita shida ba zai fita ta ƙofa ba sai an sa masa zarto. Duk ƙarin da za ku yi nan gaba ku yi shi gunduwa gunduwa, kowace kamar mita ɗaya da ɗan wani abu, da baki iri ɗaya da tsayi iri ɗaya, ana ɗaure su da noti. Wannan zai kuma ba mai son sauya mararraba wurin da zai yi yadda ya ga dama, muddin bakin gunduwarsa ya dace da na maƙwabcinsa. Ku rubuta ƴar yarjejeniya da mai gida a kan kuɗin wuta da ranakun shiga da wanda ke riƙe da mabuɗi, tun ana ganin mutuncin juna.

Maganar jirgin da ya faɗi kuwa, ba na ganin za a samu wanda zai biya ba tare da an rasa mamba ɗaya ba. Ku biya rabi daga asusu a wannan karon, mai jirgi ya yafe rabi, sannan ku kafa doka don gaba: wanda ya ɗauka ba izini shi ke biya duka, wanda aka ba izini kuma ya bi umarnin sarkin tasha asusu ne ke ɗauka. A cikin kuɗin wata, ko jaka guda ce, a ware wani kaso na gyara da ba a taɓa shi don sayen sabon kaya. Ku kuma kafa siririn katako mai tsayin yatsa uku a duk bakin tebur, wanda da yana nan da ba a yi wannan magana ba.

DCC kuma kada ku yi gaggawa. In aka koma yau, mutum biyu ne za su yi tuƙi, tara su koma ƴan kallo a ɗakin da suka gina da kuɗinsu. A fara sa wa kowa dikoda a kan jirgi ɗaya ɗaya, ɗalibai a saya musu daga asusu, sannan a sauya.

Baban Nana, Yamai

Na gode, Baba, na gode Hajiya, na gode Mai Dalma. Zan kai maganar sanda da sarkin tasha taronmu na Asabar, tun da ba sa buƙatar kuɗi. Saura abu biyu. Ɗaya daga cikinmu ƙaninsa ya aiko masa da jirgin kamfanin Märklin daga Jamus, ma'aunin HO ne, amma da zarar an ɗora ko tarago ɗaya nasa wuta sai ta ɗauke, kuma yana ganin kamar ana ƙin kayansa ne. Na biyu, tun shigowar zafi dogo ya lanƙwashe a wuri biyu a doguwar miƙaƙƙiyar hanya, taragu suna sauka a wurin, ga ƙura da ke sa jirage tsayawa suna tashi.

Mai Dalma, Bukoki

Ka gaya masa, Yaya, babu mai ƙin kayansa. Märklin tsarinsa dabam ne: wuta tana shiga ta wasu ƴan ƙusoshi da ke tsakiyar layi, ta koma ta dogo biyun tare, saboda haka ƙafafun taragunsa na dama da na hagu a haɗe suke ta ƙarfen tsakiya. A layinku kuwa dogon dama da na hagu su ne wayoyi biyun, shi ya sa tarago ɗaya nasa ya isa ya haɗa wuta. Taragun suna da magani, a canza musu ƙafafu da waɗanda aka raba da roba, ana sayar da su don wannan. Kan jirgin kuwa ya fi sauƙi a yi masa nasa zagaye dabam da irin layinsa, ko a kan tudunku, ya zama wani reshe mai tasharsa. Nan gaba in zai yi saƙo, ya ce a nemo masa Trix, kamfani ɗaya ne amma na layi mai dogo biyu. Wannan ya nuna kuna buƙatar mai duba kaya kafin su hau layi: ya auna tazarar bayan ƙafafu, wadda ya kamata ta kusanci milimita 14 da rabi, ya duba tsayin maƙalan da ke haɗa tarago da tarago, ya kuma lura da tsofaffin taragu masu zurfin leɓen ƙafa, waɗanda ke bugun ƙasa a siririn dogo irin lamba 75 amma suna tafiya lafiya a lamba 100, wanda ya fi shi tsayi.

Lanƙwasar dogo kuma daga rashin tazara ne. Dogo mai tsawon mita ɗaya yana ƙaruwa da kusan rabin milimita in zafi ya ƙaru da digiri 30, kuma ɗakin kwano a Yamai yana iya yin wannan bambanci tsakanin asubar Janairu da azahar ɗin Afrilu. Katakon da ke ƙasa shi ma yana tsukewa da rani ya kumbura da damina, wani lokaci fiye da ƙarfen. A wuraren da ya lanƙwashe ku yanke dogon da siririn zarto, ku rage kaɗan, ku bar tazarar kaurin katin waya a kowace mita, kada ku liƙe mahaɗan miƙaƙƙen layi da dalma, ku ba kowane guntu wayarsa. Ku shafa wa katakon fenti sama da ƙasa domin ya rage shan laima.

Ƙura kuwa, a rufe tebur da yadi mara nauyi bayan kowane zama, kuma kada a bar taragu a kai, kowa ya mayar da nasa akwati, wanda hakan zai kawar da maganar masu tare tasha. Kafin a fara, mutum biyu su bi layin da tsumma mai laushi da sinadarin isopropyl irin na masu gyaran salula, su goge ƙafafun kawunan jirgi ma. Kada kowa ya kusanci dogo da takardar yashi, domin tana barin ƙananan zane da datti ke maƙalewa a ciki. In kuna aiki da janareto ko batir lokacin ɗauke wuta, ku cire na'urar daga soket kafin a sauya, ku mayar bayan wutar ta daidaita.